Idan Haƙora Suka Ƙi Haɗuwa: Binciken Demarer a Motocin Alfarma na Farko

A birnin Mulhouse, can gabashin ƙasar Faransa, akwai wani babban gida da aka keɓe domin ajiye motocin tarihi. Wanda ya shiga zai tarad da ɗaruruwan motoci a jere, cikinsu har da biyu daga motoci 6 kaɗai da kamfanin Bugatti ya ƙera da sunan Royale tsakanin 1927 da 1933, waɗanda girman injin kowaccensu ya kai lita 12,7. Idon baƙo yakan tsaya a kan ƙyallin fenti da kujerun fata da tsawon jikin mota. Shi kuwa ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin kula da irin waɗannan motoci, hankalinsa yana can ƙarƙashi, wajen wani ɗan zobe mai haƙora wanda bai fi ƙwan kaza girma ba. A yawancin motocin wancan zamani, idan ɗan zoben nan bai shiga wurinsa daidai ba, ko kuma ya shiga ya ƙi fita, to duk alfarmar motar ta koma ta kallo kawai.

Na'urar da ke ɗauke da zoben ita ce masu gyaran mota na ƙasarmu ke kira demarer, wato ƙaramin injin lantarki da ke juya babban inji har ya kama. Masu karatu, yadda gwanayen aiki ke binciken wannan na'ura a motocin da wasunsu suka haura shekara 100 abin a tsaya a duba ne, domin kuskuren minti guda a nan yana iya lalata ƙarfen da babu kantin da ke sayad da irinsa a duniya.

Zamanin hannu

Kafin 1912, kusan kowace mota mai aiki da fetur da hannu ake tayad da ita. Direba ya tsaya a gabanta, ya cusa lanƙwasasshen ƙarfen nan da muke kira manibel, ya juya da iya ƙarfinsa. Manyanmu da suka tuƙa tsoffin Land Rover ko ƴar Citroën 2CV sun san shi sarai. To amma juya injin ƴar ƙaramar mota daban, juya injin motar alfarma daban. Injin Rolls-Royce Silver Ghost, alal misali, silinda 6 gare shi, girmansa kuma ya zarce lita 7. Ban da nauyi ga haɗari: idan aka manta ba a jinkirta wutar buji ba, mai yakan kama tun fiston bai kai ƙoli ba, sai inji ya juyo da baya, ƙarfen ya bugi mai riƙe da shi. An karya yatsu da wuyan hannu ba adadi ta haka.

Labarin da aka saba bayarwa a birnin Detroit na Amurka shi ne na Byron Carter, wani mai ƙera motoci da ya tsaya taimakon wata mata wadda motarta ta mutu a kan gada, manibel ya juyo ya karya masa muƙamuƙi, jinyar kuma ta zama ajalinsa. Carter ya rasu a 1908. Henry Leland, shugaban kamfanin Cadillac, ya ƙudura cewa sai an raba motocinsa da wannan haɗari. Wanda ya warware masa matsalar shi ne Charles Kettering, injiniya daga jihar Ohio, wanda ya taɓa ƙera ɗan injin lantarki mai juya akwatin lissafin kuɗi na kantuna a birnin Dayton. A can ya gane cewa ƙaramin inji yana iya ɗaukar kayan da suka fi ƙarfinsa, muddin dai na ƴan daƙiƙu ne. An gwada na'urarsa a jikin Cadillac a watan Fabrairu na 1911, ta fito kasuwa a motocin 1912, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1915.

Haɗuwa da rabuwa

Samun ƙarfin juyawa rabin aikin ne. Sauran rabin shi ne yadda ƙaramin inji zai kama babba, da yadda zai sake shi. A bayan injin mota akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi, an zagaye bakinsa da haƙora. Wannan zagaye shi za mu kira kambi. A ce zoben demarer haƙora 10 gare shi, kambi kuwa 120. Ke nan sai demarer ya juya sau 12 kafin inji ya juya sau ɗaya, kuma daga nan ƙarfinsa yake. Amma da zarar inji ya kama, lissafin sai ya juye: idan inji yana juyi 1000 a minti, zoben kuma bai fita ba, za a tilasta wa demarer juyi dubu 12 a minti, abin da ke iya fisge wayoyin jan ƙarfen da aka naɗa a cikinsa. Dole zobe ya shiga cikin taushi, ya kama gam, ya fita nan take.

Masu ƙira na farko ba su bi hanya ɗaya ba. A Cadillac ta 1912 na'ura guda ce ke tayad da inji, sa'annan ta koma cika bateri. Tana jan volt 24 wajen tayarwa, volt 6 wajen sauran aiki. Direba ya danna maɓalli, na'urar ta soma juyawa a hankali, sa'annan ya taka kuloci, ƙafarsa ta tura haƙoran cikin kambi. Vincent Bendix ya zo da wata dabara, wadda ta fara fita a jikin Chevrolet a 1914: ya ɗora zoben a kan sanda mai murɗaɗɗen zare. Idan sandar ta zabura da juyi, nauyin zoben yakan hana shi bin ta nan da nan, sai ya gangara kan zaren ya faɗa cikin kambi. Idan inji ya kama ya fi sandar sauri, shi da kansa zai murɗo zoben baya. Wani kakkauran sifirin ne ke shanye bugun haɗuwar. Dabara ta uku ita ce ta kamfanin Rushmore na Amurka, wanda Bosch ya saya a 1914: a nan ilahirin abin da ke juyawa cikin demarer ne maganaɗisu ke jawowa gaba da ƴar wuta kaɗan, sai haƙora sun zauna tukuna cikakkiyar wuta ta shigo. Rolls-Royce kuwa bai sa demarer a Silver Ghost ba sai 1919, kuma nasa da sarƙa yake aiki ta cikin akwatin giya.

Saboda haka tambayar farko ta gwani ita ce: wane iri ne a gabana? Wanda ya taka kuloci a Cadillac ta 1912 ya yi daidai. Wanda ya taka shi a Silver Ghost ya raba inji da demarer, zai ji na'ura tana juyi inji yana kwance, har ya ɗora mata laifin da ba nata ba. Rashin sani, in ji Bahaushe, ya fi dare duhu.

Abin da ake tsoro

A motoci da yawa na farko, a jikin faifan kansa aka yanka haƙoran, faifan kuma na narkakken ƙarfe ne mai saurin gutsurewa. Idan haƙora suka ɓalle, babu sabo a kasuwa. Sai an sauke akwatin giya ko inji ɗungurungum, a ciro faifan, a kai wa mai injin feƙe ƙarfe ya share tsoffin haƙora, a ƙera sabon kambi daidai awo, a ɗumama shi ya ɗan buɗe, a zura shi, ya huce ya kama. Aikin makwanni ne ko watanni, kuɗinsa mai yawa, kuma motar ta rabu da wani sashe na asalinta har abada. Shi ya sa dokar farko a wajen masu kula da motocin tarihi ita ce: idan an danna sau ɗaya an ji baƙon sauti, kada a sake dannawa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

A fara da wuta

Mai gaggawa yakan kwance demarer tun bai san laifinsa ba. Gwani da bateri yake farawa, musamman a motar da ke da ƙirar Bendix, domin a nan zabura ce ke jefa zobe cikin kambi. Idan wuta ta yi rauni, sandar za ta juya a kasalance, zoben ya bi ta da juyi yana nan inda yake. Demarer lafiyayye ne, wutar ce ba ta isa ba.

Yawancin motocin Amurka na wancan lokaci da volt 6 suke aiki. Cikakken bateri irin wannan, idan yana hutawa, yakan nuna wajen volt 6,3, ma'aunin ruwansa kuma ya tsaya tsakanin 1,26 da 1,28 a kowane ɗaki daga ɗakunansa 3. Amma awon hutu bai isa shaida ba. Sai a bar ma'auni a kan bateri a danna demarer: idan allura ta faɗi ƙasa da wajen volt 4,5, to ko bateri ya gaji, ko wani abu ya cije.

Akwai tsohon gwaji da ba ya bukatar kayan aiki ko kaɗan. A kunna manyan fitilu, a danna demarer, a duba. Idan haskensu bai sauya ba, wuta ba ta isa demarer ba sam. A nemi laifi a makunni, ko a waya da ta tsinke, ko a gawayin da ya cinye. Idan suka mutu ɗif, galibi kan bateri ne ya yi tsatsa ko ya kwance. Idan suka dushe suka koma ja, wuta tana tafiya da yawa amma juyi ya gagara. Ko bateri ya yi rauni, ko zobe ya cije, ko injin kansa ya ƙi motsi. A nan manibel yake da rana: a kashe kontak, a juya inji da hannu, a ji ko yana tafiya sumul.

Daga nan sai wayoyi. Demarer mai volt 6 yana jan ɗaruruwan amper, kusan ninki biyu na abin da mai volt 12 zai ja domin aiki iri ɗaya, saboda haka wayarsa kakkaura ce ƙwarai. Kuskuren da aka fi yi a yau shi ne a musanya ta da siririyar wayar motar zamani. A ido babu laifi, amma wuta tana zubewa a hanya. Yadda ake kama wannan shi ne a ɗora bakin ma'auni ɗaya a farkon waya, ɗaya a ƙarshenta, a danna demarer. Abin da ma'auni ya nuna shi ne asarar, kuma bai kamata ya wuce wajen volt 0,2 a kowace waya ba. Haka za a yi wa makunnin ƙafa, haka za a yi wa mas, wato hanyar da wuta ke komawa bateri ta jikin mota. Sau da yawa a motar da aka sabunta, kyakkyawan fentin nan ne ya shiga tsakanin demarer da mazauninsa ya toshe hanyar. Asarar rabin volt a cikin 6 ba ƙarama ba ce. Waya ko mahaɗin da ya ɗauki zafi bayan ƴan daƙiƙu ya riga ya tona asirin kansa.

Abin da kunne ke ji

Idan wuta ta tabbata lafiya, sai a koma ga sauti. Iri huɗu aka fi ji.

Na farko, shuuu mai sauri, inji kuwa ko gezau. Zoben bai tafi ba, ko ya tafi amma ƙarfi ba ya isa gare shi. Mafi yawa datti ne: wani mai kyakkyawar niyya ya shafa wa murɗaɗɗen zaren man giris, ƙura ta haɗu da shi ta daskare. Magani shi ne a wanke da kananzir a bar shi a bushe, ko a ɗiga masa siririn mai ɗigo ɗaya ko biyu. Idan zaren tsaf yake, a duba sifirin da ƙusoshin da suka riƙe bakinsa biyu. Karyewar ɗaya daga cikinsu ta isa ta sa sanda ta riƙa juyi ita kaɗai.

Na biyu, gurza mai tayad da tsikar jiki. Haƙora suna gugar juna ba su shiga ba. Ko bakinsu ya daƙushe, ko mazaunin demarer ya kwance, ko sanda ta lanƙwashe, ko kuma an taɓa sa zoben wata mota wanda tazarar haƙoransa ba ta dace ba. Wannan shi ne sautin da ke cin kambi.

Na uku, ƙwas guda ɗaya, sai shiru, fitilu kuma suka dushe. Zobe ya hau kan haƙori ya cije. A nan ne jahili ke ɗaukar guduma. Gwani kuwa zai kashe kontak, ya sa babbar giya, a girgiza motar gaba da baya a hankali har a ji zoben ya saki. A wasu demarer, musamman na Ingila, an bar ƙarshen sanda mai kusurwa huɗu a waje domin a kama shi da sifana a murɗo zoben baya. Idan hakan bai yi ba, a sassauta ƙusoshin mazauni. Amma sakin ba warkewa ba ne. Abin da ya cije sau ɗaya zai sake, har sai an gano dalili.

Na huɗu, zobe ya shiga, inji ya yi tari sau ɗaya, zobe ya fito, inji ya mutu. A ƙirar Bendix ta farko, bugu ɗaya daga silinda ɗaya ya isa ya koro zoben. Sau da yawa laifin ba na demarer ba ne. Mai ne bai daidaita ba, ko wutar buji ba ta da ƙarfi, ko sanyi ya yi yawa. A gyara inji, demarer zai daina shan zargi.

Alli da haƙuri

Ba a yanke wa kambi hukunci da leƙe ɗaya. Inji ba ya tsayawa inda ya ga dama: matsin iskar da ke cikin silinda yakan tsayad da shi a wurare ƙididdigaggu, biyu ga mai silinda 4, uku ga mai 6, huɗu ga mai 8. A waɗannan wurare ne zobe ke faɗawa kullum, shekara da shekaru, saboda haka nan ne haƙora ke cinyewa alhali sauran suna nan kamar sababbi. Wannan ne dalilin da ya sa mota kan tashi lafiya sau biyu ta yi gurza a na uku.

Sai a cire wayar bateri, a kwance demarer, a haska fitila cikin ramin, a sa alamar alli a haƙori ɗaya. Wani ya riƙa juya manibel sannu sannu, mai duba yana bin haƙora ɗaya bayan ɗaya har alamar ta dawo. Ƙananan kaifi da suka tashi a baki ana iya goge su da magagari. Domin a san zurfin haɗuwar, a shafa wa haƙoran zobe alli ko shuɗin fenti na awo, a mayad da demarer, a tura zoben da hannu inda hali ya yi, a sake cirewa a karanta sawun. Idan sawu ya tsaya a tsinin haƙori kaɗai, haɗuwar ba ta yi zurfi ba. Idan ya karkata gefe guda, sanda ko mazauni ba su miƙe ba.

Sai bayan wannan duka ake ɗora demarer a kan tebur. A ɗaure shi tam, domin yana zabura idan ya sami wuta. A duba tsawon gawayi da ƙarfin abin da ke danna su, a duba tsabtar jan ƙarfen da suke gogawa, a girgiza sanda a ji ko mazaunanta sun cinye har abin da ke juyawa yana shafar bango. Kada kuma a ɓata lokaci wajen zargin cewa an juya kan bateri, ko da yake wasu tsoffin motoci kan mai alamar ƙari suke haɗawa da jiki: irin wannan demarer gefe ɗaya yake juyawa ko ta ina wuta ta shigo, tun da ita ce ke ratsa naɗin jikinsa da na cikinsa gaba ɗaya.

Rabon direba

Wani kaso na ɓarnar daga kujerar direba yake fitowa. A kan sitiyarin motocin nan akwai ɗan hannu na jinkirta wutar buji. Wanda ya manta da shi, bugun da a dā ke karya hannun mutum yanzu sifirin zai karya, ko haƙora, ko ma wuyan demarer ɗin. Haka nan wanda ya sake dannawa tun inji bai gama tsayawa ba, ya jefa zobe cikin kambi mai motsi. Wanda ya danne maɓalli ya ƙi saki yana dafa naɗin wayar, domin na'urar Kettering tun asali ta aikin ƴan daƙiƙu ce. Daƙiƙa 10 zuwa 15 sun isa, sa'annan a bar ta ta huce. Wanda kuma ya haɗa bateri mai volt 12 da demarer mai volt 6 don ya ga saurin tashi, zai gani, amma zoben zai riƙa dukan kambi da ƙarfin da ba a ƙera shi dominsa ba.

Motocin da ke yawo a titunan Maraɗi da Damagaram da Tawa a yau sun bar ƙirar Bendix ta asali. A cikinsu maganaɗisu ne ke tura zobe ya zauna kafin cikakkiyar wuta ta shigo, akwai kuma wani abu a bayan zoben da ke barinsa ya yi juyin banza idan inji ya fi shi sauri. Duk da haka sunan bai mutu ba: har gobe, idan ɗan zoben ya lalace, za ka ji mai garaji ya ce bendiks ne. Gwajin fitilu, da awon asarar wuta a waya, da duban kambi zagaye guda, duk suna aiki a kan motar haya kamar yadda suke aiki a kan Rolls-Royce. Bambancin kawai shi ne, yaron garajin da ya gurje kambin motar haya zai sami wani a kasuwar kayan gyara kafin la'asar, wanda ya gurje na motar 1920 kuwa sai dai a ƙera masa sabo.